Babi na Huɗu: Me Ya Sa Zaren Gida Yake Zuba?

Duk wadda ta taɓa kaɗa zare da hannunta, ta rina shi a tukunya a tsakar gida, ta san wannan tambaya, domin ko ba ta yi wa kanta ba wani ya yi mata. Me ya sa zaren da aka rina jiya yake zuba tun a wankin farko, alhali ga zanen saƙi da kaka ta bari a cikin adaka, ya ga jikoki ya ga tattaɓa-kunne, launinsa na nan daram? Yawanci mai tambayar ya riga ya yanke hukunci kafin ya buɗe baki. Ko dai ya ce galurar zamani ce ba ta da ƙarko, ko ’yan kasuwa sun yi mata algus, ko kuma tsofaffi sun tafi da wani asiri da ba su bar wa kowa ba. Algus kam ba a rasa shi a kasuwa, wannan a rina ne, wai an saci zanen mahaukaciya. Amma idan mata biyu suka sayi galura iri ɗaya a shago ɗaya, zaren wannan ya riƙe launi, na waccan ya koɗe, dole a nemi dalili a wani wuri ban da ƙullin galura.

Rini shi ne sashen aikin da ke ɗaukar ido, shi ya sa shi ake yabo, shi ake zargi. Sai dai tsoma zare a tukunyar launi zango ɗaya ne a tsakiyar doguwar tafiya, kuma mafi yawan zaren da ya ɓaci, tun kafin ya shiga tukunyar ya ɓaci, ko kuwa bayan an tsamo shi. Yadda aka murɗa shi, yadda aka dafa shi yana fari, dacewar launin da irin zaren, da haƙurin ɗauraya daga ƙarshe, su ke yanke wa launi tsawon kwana. Zaren da ya sauka daga mazari da sauransa, kamar yadda hatsin da aka sussuke bai zama tuwo ba.

Murɗi shi ne zare

A ɗauki ɗan sutu, wato audugar da aka shiɓe aka shirya don kaɗi, a ja shi da yatsu biyu. Zai rabu ba gardama. Silin auduga gajere ne ƙwarai. Irin da ake nomawa a ƙasashen Funtua da Gusau da Zariya, tsawon sili ɗaya yana tsakanin santimita 2 da 3, kusan gaɓar yatsa guda, kuma babu wani danƙo da ke manna wannan da wancan. Murɗi kaɗai ke mayar da waɗannan guntaye zaren da zai kai daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Kamar yadda wankakken zane ke taurara idan ana matse shi, haka murɗi ke matse silin a jikin juna, har ya zama idan an ja zaren, maimakon su zame, sai su ƙara ƙanƙame juna.

Kayan aikin da matan ƙasar Hausa suka gada an yi su ne daidai da wannan hali na auduga. Mazari siriri ne marar nauyi, da gululun yumɓu a ƙasansa don ya daɗe yana juyi. Mai kaɗi tana dasa tsininsa a cikin ɗan ƙoƙo ko a kan fata, ba ta barinsa yana reto a iska, saboda zaren auduga da bai gama shan murɗi ba ba zai iya ɗaukar nauyin mazarin ba. Allin da take dangwala yana busar da gumin yatsu ne, ya hana santsi. Masu kaɗin Daka, a ƙasar Bangaladash ta yau, waɗanda lallausan yadinsu ya yi suna a duniya, su ma da ɗan mazari mai dogaro a kan ƙwanso suke aiki, da garin alli a gefe. Nisan da ke tsakanin Kano da Daka bai hana auduga koya wa mutanensu darasi ɗaya ba. A Turai kuwa, inda tumaki ke da dogon gashi mai kama juna, ana iya sakin mazari yana lilo. Tumakinmu, Uda da Balami da ’Yankasa, ba su da irin wannan gashi, shi ya sa kaɗinmu ya zama na auduga.

Ina ruwan wannan da launi? Ruwansa babba ne. Zaren da murɗinsa ya gaza, da ya jiƙe a tukunya aka motsa shi sai ya soma saki yana tsinkewa. Wanda murɗinsa ya yi yawa kuma yakan taurara kamar tsirkiya, ruwan rini ya lashi bayansa ya bar cikinsa fari, ranar da bayan ya goge sai farin ya leƙo. Mafi wahalar sha’ani shi ne zaren da kaurinsa bai daidaita ba. Murɗi yana da halin gudu zuwa inda zare ya fi siranta, ya bar wuri mai kauri sako-sako. Wuri mai laushi ya sha launi ya ƙoshi, wuri mai tauri ya ɗan kurɓa, sai zaren ya fito dabbare-dabbare, a ɗora wa galura laifin da ba nata ba. Idan aka bi sawun laifin, sau da yawa sai an kai ga ranar gurza da shiɓa. Ɓawon anguryar da ya tsere wa magurji, da ’yan dunƙulen audugar da ba ta nuna ba kafin a tsince ta, waɗanda masaɓi bai warware ba, duk za su bayyana bayan rini. Silin da bai nuna ba ba ya shan launi yadda ya kamata, shi ne fararen ɗigon nan da ake gani a jikin baƙin zare.

Wannan ba ya nufin kowane zare sai ya yi tauri. Tsofaffi sun raba aiki: siririn zare mai ƙarfin murɗi don tsaye, inda za a ja shi a masaƙa, abawa mai kauri da laushi don kwance, inda ake son cika da ɗumi kamar a gwado. Abin nema shi ne kowanne ya tafi bai ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

Tufka

Zaren da aka kaɗa sili ɗaya yana ɗauke da fushi a cikinsa. An murɗa shi gefe guda, kullum so yake ya koma. Da an sassauta masa sai ya nannaɗe kansa ya yi ƙulli. Idan aka saƙa hula ko rigar jariri da shi a haka, saƙar takan karkace gefe ɗaya bayan wanki. Maganin da masu igiya suka sani tun fil azal shi ne tufka: a haɗa sili biyu a murɗa su tare, amma ta ɓangaren da ya saɓa wa murɗin farko. Idan an juya mazari dama wajen kaɗi, a juya shi hagu wajen tufka. Fushin wannan ya ci karo da na wancan, su kashe juna.

Gwajinsa ba wuya. A naɗe zaren a bayan kujera ko tsakanin turaku biyu, ya zama babban zobe kamar gammon da aka buɗe, a jiƙa shi, a bar shi ya bushe, sannan a rataya shi a yatsa ɗaya. Idan ya sauka a buɗe, ko ya ɗan juya kaɗan, an dace. Idan ya murɗe kansa kamar igiyar guga, da sauran gyara. Wasu kan rataya dutse a jikin jiƙaƙƙen zare don ya bushe a miƙe. Wannan rufa-rufa ce. Zaren zai miƙe har zuwa ranar da ya sake ganin ruwa, sannan ya koma halinsa, a lokacin kuwa ya riga ya zama riga a jikin wani.

Audugar da ke gudun ruwa

Ga wani abu da kowa zai iya gwadawa yau. A cika kofi biyu da ruwa. A jefa ɗan ƙullin audugar gona a ɗaya, a jefa audugar asibiti a ɗayan. Ta asibiti za ta jiƙe nan take ta nutse. Ta gona kuwa za ta zauna a saman ruwa tana yawo, ko an danna ta da yatsa ta taso, cikinta a bushe. Dalili shi ne kowane silin auduga yana fitowa daga gona da wani siririn kakin halitta a jikinsa. Bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin audugar ba, amma ya isa ya kori ruwa. Ta asibiti an dafe mata shi a masana’anta. A kan wannan kaki kuma sai a ƙara ƙurar gona, da gumin hannu, da alli, da maiƙon da ya rage a yatsu bayan girki. Launi a cikin ruwa yake tafiya. Inda ruwa bai shiga ba launi ba zai shiga ba, sai dai ya kwanta a kan kakin kamar hoda a fuskar da aka shafa wa mai, ya jira wankin farko ya kama gabansa.

A ganina nan ne aka fi yin asara, kuma nan ne gyara ya fi araha. Kafin rini, a ɗaure naɗin zaren a wuri huɗu da wani zare daban, sako-sako yadda yatsa zai wuce, domin ɗauri mai tsanani yana barin farin zobe, irin dabarar da masu rinin ɗauri ke yi da gangan. A sa shi a tukunya mai yalwar ruwa da ɗan sabulu da sodar wanki, in babu a tace ruwan toka, a dafa kamar awa guda. Ruwan zai koma kamar shayin da ba madara, ko da zaren fari ne fat a ido. Idan ya yi duhu sosai a zubar a sake. Auduga ba ta tsoron tafasa, hasali ma ta fi ƙarfi idan tana jiƙe. Wannan dahuwa kuma tana biyan wasu buƙatu biyu: tana kwantar da murɗi ya zauna inda aka sa shi, tana kuma sa zaren ya yi duk tsukewar da zai yi tun yanzu. Gara zare ya tsuke a tukunya da hula ta tsuke a kan mai ita.

Gashin tumaki, ga wadda ta samo shi daga waje, bai yarda da wannan ba ko kusa. Toka da kanwa suna cinye shi, zafi da dirza kuma suna cakuɗa shi ya dunƙule ba ya warwaruwa. Ruwan ɗumi da sabulu mai sauƙi yake so, ba motsi.

Kowane zare da abokin tafiyarsa

Mata sun san lalle yana kama tafin hannu da farce ya yi makonni, amma idan ya taɓa farin zanen auduga tabonsa ba ya kai wannan ƙarfi. Fata da farce da gashi da siliki dangi ɗaya ne, duk daga jikin mai rai suke, kuma launuka da yawa suna manne musu cikin sauƙi. Auduga daga tsiro take, jikinta daban, ba ta da maƙalan da irin waɗannan launuka ke kamawa. Akwai kuma dangi na uku, zaren roba da ake yi daga man fetur. Mafi yawan ulun da ake sayarwa a kasuwanninmu don saƙa kayan jarirai na wannan dangi ne, kuma galurar auduga ba ta kama shi ko an kwana ana dafawa. Wadda take shakkar abin da ke hannunta ta yanki ɗan guntu ta kusantar da shi ga ashana. Auduga tana ci da wuta, da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Gashi da siliki suna ƙaurin babbaka, su bar baƙin dunƙule mai murmushewa. Roba tana narkewa kamar leda, ta daskare da tauri.

Saboda taurin kan auduga, rinin itatuwa yana buƙatar ɗan tsakani. ’Ya’yan bagaruwa, waɗanda majema ke jima da su, suna ɗauke da wani sinadari mai bauri da ke kama auduga. Idan aka jiƙa zare a ruwansu, sannan a ruwan alam, sai alam ya kama bagaruwar, launi kuma ya kama alam. Da haka ɓawon albasa ke ba da ruwan ɗorawa mai ɗorewa. Idan bagaruwa ta haɗu da ƙarfe kuwa baƙi ake samu, hanyar da dukawa suka daɗe da sani a rinin fata. A Mali ma da ganyen marke ake fara jiƙa zane kafin a zana masa laka mai ƙarfe-ƙarfe, inda suka haɗu ya yi baƙi.

Ba kowane abu mai launi ne abin rini ba, kuma nan ne ido ke yaudarar mutane. Zoɓo ja ne wur a kofi, amma a jikin zare baƙo ne, da ya ji sabulu sai ya dushe ya canza kama. Kurkur yana kama auduga ba tare da ɗan tsakani ba, launinsa kamar zinariya, sai dai rana tana cinye shi da sauri, kanwa kuma tana mayar da shi ja. Wadda ta rina da waɗannan ta ga sun koɗe, ba ta yi kuskure a aiki ba, a zaɓi ta yi. Launukan masana’anta, waɗanda tarihinsu ya fara a 1856 lokacin da wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna William Perkin ya gano launin shunayya a Landan, su ma dangi-dangi ne. Na siliki da gashi suna son tsami da zafi. Akwai waɗanda aka fito da su a 1956 musamman don auduga, masu haɗewa da jikin silin su zama ɗaya idan an sa musu sodar wanki. Tambayar da ya kamata a yi wa mai shago kafin a tambayi farashi ita ce wane irin zare aka yi wannan galura dominsa.

Abin da karofi ke koyarwa

Baba ya fita daban da duk waɗannan, kuma an san shi ƙwarai a ƙasar Hausa. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tana nan tun 1498, har yau ana aiki a wasu ramukanta. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar suna kaiwa har Tumbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Kayan da za su yi watanni a bayan raƙumi, a sayar da su ga mutanen da suka san kaya, ba a yin su da gaggawa.

Shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa. Aikin marini shi ne ya lallashe shi ya narke. Yana zuba baba da toka da katsi a rami, ya bar su kwanaki suna ruɓa yana motsawa, har ƙananan halittun da ke cikin ruwan su cinye iskar da ke ciki. A wannan hali launin yakan sauya ya narke, ruwan da ke ƙarƙashin kumfa ya zama kore-kore mai ɗorawa-ɗorawa. Zaren da aka tsamo ma da wannan launi yake fitowa. Sai ya sha iska, a gaban idon mai kallo, ya juye shuɗi. Abin da ya faru shi ne launin ya koma halinsa na ƙin narkewa, amma yanzu yana tsare a cikin silin, ba hanyar fita.

Daga nan hikimar maimaitawa ta fito. Marini ba ya neman duhu da tsomi ɗaya. Yana tsomawa, ya matse, ya shanya ya sha iska, ya sake, sau da yawa, kowane zagaye yana ɗora siririn rufi a kan na baya. Mai gaggawa kan cika ruwa da launi ya tsoma sau ɗaya. Zaren zai yi duhu a ido, amma yawancin shuɗin a waje ya taru, bai kama komai ba. Wandon jins misali ne da kowa ke gani: da shuɗin baba na masana’anta ake rina zarensa, irin wanda wani kamfanin Jamus ya fara sayarwa a 1897, kuma da gangan ake barin cikin zaren fari, shi ya sa gwiwa da aljihu ke yin haske idan sun goge.

Wani zai ce, to turkuɗi fa? Ga rawanin Kura mai ƙyalli da Buzaye ke saye da tsada, yana shafa shuɗi a fuska da hannu, kuma ba wanda ya ce aibi ne. Ashe zuba halin rinin gida ne? Amsar ita ce turkuɗi ba zuba yake yi don an gaza ba. Bayan an gama rini, masu bugu suna ƙara masa garin shuni, su yi ta dukansa da manyan guduma na itace a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Wannan shunin na sama ado ne da aka biya kuɗinsa, kuma ba banza Bahaushe ke kiran mawadaci mai hannu da shuni ba. A ƙarƙashinsa akwai rinin da ya kama. Mai turkuɗi ya san abin da ya saya, ba ya kai shi bakin rijiya ya dirza. Uwar da aka saƙa wa jaririnta hula ba ta yi wannan ciniki da kowa ba.

Gishiri da sauran shawarwarin maƙwabta

Shawarar da aka fi bayarwa idan zare na zuba ita ce a jiƙa shi a ruwan gishiri, ko a zuba masa lemun tsami. Tana da asali, amma an ɗauke ta daga muhallinta. Gishiri yana aiki a cikin tukunyar rini, inda yake tura wasu launukan auduga su bar ruwa su koma jikin zare. Tsami yana aiki a rinin siliki da gashi. Bayan an gama rini, babu ɗayansu da zai manna launin da bai kama ba. Abin da ke fita a ruwan wanki kashi biyu ne: ko rarar launi ce da ba ta sami wurin zama ba, ko kuwa launin ne gaba ɗaya bai kama ba. Na farko ɗauraya ke maganinsa, na biyu sai sake aiki daga tushe.

Ɗauraya kuwa ita ce inda haƙurin yawancin mutane ke ƙarewa, domin ido na ganin launi na bin ruwa zuciya na cewa asara ake yi. Launin da zai fita gara ya fita a bahon mai rini. A fara da ruwan sanyi, a bi da ruwan zafi da sabulu idan auduga ce, a yi ta sauyawa har ruwa ya fito garau. A matse ba tare da murɗawa ba, a sa hannu biyu a cikin naɗin a fizge shi sau biyu ko uku don silin su jeru, a shanya a inuwa. Sannan a gwada shi ta fuska uku, don launi na iya jure wanki ya kasa jure rana. A sa jiƙaƙƙen zare tsakanin farin ƙyalle biyu a danna da dutsen guga. A goga busasshensa a kan wani farin ƙyallen. A naɗa kaɗan a jikin kwali, a rufe rabi, a ajiye a taga mako biyu, a buɗe a kwatanta.

Abu ɗaya ba a sassauci a kansa: tukunyar rini ba ta komawa madafa. Sodar nan mai ƙuna da ake haɗa wasu galura da ita tana cin fata, tana makantar da ido, garin galura kuma ba abin shaƙa ba ne. A sa safar hannu, a yi aiki a fili, a nisanta yara.

Zare mai launi fiye da ɗaya

Sai an mallaki duk wannan ake samun ’yancin wasa da launi, kuma nan ne mai kaɗin gida ta fi mai sayen zaren kanti. Tana iya rina auduga tun tana sutu, ta kaɗa shuɗi kamu biyar ta bi da fari, launi ya riƙa narkewa cikin launi. Tana iya tufka baƙin sili da fari, zare ya fito da zanen zabuwa, irin kyan da ya sa saƙi ya zama tufar manya. Tana iya tsoma rabin naɗi a wannan tukunya, rabi a waccan. Sai dai launukan da suka yi hannun riga, kamar ja da kore, idan aka cakuɗa su sosai a shiɓa, ruwan ƙasa suke komawa. Kuma a zare mai launi biyu laifin ɗaya yana shafar ɗayan: ja mai zuba zai mayar da farin da ke gefensa ruwan hoda a wanki guda.

Ina ribar wannan wahala?

Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma ba a kauce mata. Zaren inji ya fi araha, ya fi daidaito, kuma abin da mace za ta yi mako tana kaɗawa inji zai fitar kafin ta gama dangwalar alli. Wanda ya ce kaɗin hannu zai sake tufatar da gari yana yaudarar kansa. Amma tarihi ya nuna cewa araha ba ita kaɗai ke sayar da kaya ba. Turawan Ingila sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, suka sa rai idan jirgin ƙasa ya iso Kano, kamar yadda ya iso a 1911, audugar Arewa za ta kwarara zuwa masaƙun Lankasha. Sai suka tarar masu kaɗi da masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi nasu, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Masu saye a nan sun san bambancin zanen gida da na kanti, suna kuma biyan bambancin. Daga baya masaƙun zamani, tun daga ta Kaduna da aka buɗe a 1957, da yadin waje mai araha, sun janye yawancin kasuwar. Abin da ya rage wa zaren hannu shi ne wurin da ake son sa don shi ne: zanen aure, gwadon ado, rigar da za a gada, kayan da baƙi ke nema. Mai sayen irin wannan yana yafe ɗan kauri nan da ɗan siranta can, har yana son su, don su ne shaidar hannu. Abin da ba ya yafewa shi ne ya biya kuɗi mai yawa launi ya bi ruwa. Awa biyu na dahuwa da ɗauraya ba komai ba ne a kan makon da aka riga aka kashe a kan mazari.

Zaren da ya tsallake gwajin ƙyalle da na taga ya isa shiga masaƙa, amma can ma wata jarrabawa ke jiransa, domin zaren tsaye yana shan ja da gogayya sau dubbai kafin a sauke zane. Babi na gaba zai ɗauko daga nan: yadda ake waɗari, yadda ake sa wa zaren tsaye sitaci don kada ya yi gashi, da bambancin masaƙar maza mai fitar da siririn ƙyalle da ta mata mai faɗi. Kafin nan, mai karatu ya tanadi naɗi biyu da aka dafa aka ɗauraye, ɗaya siriri mai ƙarfin murɗi, ɗaya abawa, don da su za mu fara.